Miyar Kawu Luyen

Khuat Van Luyen ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa sa hannu a aljihun kowa ba. Yabon da ya kamata a yi wa matarsa yake sacewa, shekara shida cur.

Ran Lahadin nan yana tsaye a rufin benensu na birnin Hai Phong, cikin akwatunan da ya shuka ganyen miya da ake kira mustad, yana yi wa maƙwabta lacca. Rufin na kowa ne, amma shi ya mamaye shi, har babu wurin shanya. Yau za a kaɗa ƙuri'a, ko a bar masa ko a kwashe akwatunan. Shi ya sa ya gayyaci gidaje goma sha ɗaya cin abincin rana.

"Ganyena ba ya son komai," in ji shi. "Ruwa kawai. Masu zuba tarkace a miya, ganyen kasuwa suke ci."

Goggo Tuyet, tsohuwar da ke hawa na biyu, ta ce, "To ita matarka Nhan me take yi a kicin tun safe?"

"Tafasa ruwa mana, Goggo. Ko jikanki zai iya."

Aka yi dariya. Nhan tana kan matakala da kwando, ta ji komai.

Kowa ya san ganyen nan da ɗaci. Kullum sai Nhan ta murza shi da gishiri ta ɗauraye, ta daka busasshen jatan lande, ta gasa ɗanyar citta ta farfasa, ta ɗiga romon kifin da aka tsima. Sai ruwa ya tafasa sosai take jefa ganyen, kuma ba ta rufe tukunya. Yau kam ta zuba shi a ruwan sanyi, ta kifa murfi, ta zauna tana yankan farce.

Miya ta iso tebur ta yi rawaya kamar ruwan wanki. Shugaban mazauna benen, Kawu Dinh, ya kurɓa, ya runtse ido, ya lalubi shinkafa.

Goggo Tuyet ta ajiye cokali. "Luyen, maganin tsutsar ciki ka ba mu?"

Luyen ya juya ga matarsa. "Ke, me kika yi wa miyar nan?"

"Abin da ka faɗa, maigida. Ruwa kawai."

"Ina citta? Ina jatan landen? Ina wannan abin da kike murzawa?"

Bakinsa ne ya faɗa, gaban gidaje goma sha ɗaya. Goggo Tuyet ta yi dariya har ta ƙware.

Nhan ta shiga kicin, ta fito da wata ƙaramar tukunya da ta dafa wa kanta. Ta zuba wa kowa ludayi ɗaya, ban da mijinta. Sai ƙarar kurɓa kawai kake ji.

"'Yata," in ji Kawu Dinh, "kina son rufin?"

"Rabi ya ishe ni, Kawu. Sauran a ɗaura igiyar shanya."

Aka ɗaga hannu, babu wanda ya ƙi. Aka rubuta rabin rufin da sunan Nhan. Luyen kuwa aka bar masa hawa da bokitin ban ruwa, bene biyar, safe da yamma.