Yayen Garbai

A shekarar da fatake suka shigo Gure da labarin faɗuwar Kukawa, a shekarar ce Yakura matar Aisami ta yanke jiki ta faɗi a gindin turmi. Yarinya ɗanya shakaf, haihuwarta ɗaya, ba ta jima da gama wankan jego ba. Aka ɗauke ta baki a karkace, ɓarin dama ya shanye. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yi gashi. Da ikon Allah hannu ya dawo, baki ya miƙe, ƙafa ma ta yarda ta taka, ko da yake sai da ja. Mutane suka ce ta warke. Ina fa!

Abin da ya zauna a kanta tun ƙuruciya yana nan daram: waƙoƙin daka, hanyar gidan ubanta. Sabon abu ne ba ya kwana. Sai ta isa bakin rijiya ta tsaya tana tunanin abin da ya kawo ta, ga tulu a kanta. Ta sa kanwa a miya, ta juya, ta ƙara. Aisami mutum ne mai haƙuri, ya ci ya yi shiru.

To, ɗanta Garbai ma sabon abu ne, kuma nan ciwon yake.

Wata rana maƙwabciya ta tafi da shi gidan suna suka wuni. Da aka dawo da shi, Yakura ta dube shi ta ce a ranta, wannan kyakkyawan yaro na wa ne? Sai da nono ya zubo ya jiƙa mata zane sannan ta gane. Ta shige ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ba kuma wanda ya lura, don ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Matan unguwa sai yabo: "Kai, Yakura akwai kunya, ko da kuskure ba ta taɓa kama sunansa ba." Kunyar me? Sunan ne take tsinta a bakinsu da safe, kafin azahar ya zube.

Lokacin yaye ya yi. Hawa, uwar Aisami, ta zo daga Kelle a kan jaki don ta ɗauki jikanta, kamar yadda aka saba. Yakura ta san abin da zai biyo baya. Wuni ɗaya ya kusa raba su, bare watanni. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta shirya maganar da za ta faɗa, tana daka tana maimaitawa don kada ta tsere mata.

Da safe aka ɗaura wa jaki kaya, mata suka taru sallama. Ita uwa ya kamata ta ɓuya a ɗaki. Sai ga ta ta fito tana jan ƙafa, ta durƙusa gaban Hawa.

"Iya," in ji ta. Sai maganar ta ɓace. Ta lalubo, babu. Amma ta ƙi tashi.

"Lafiya, 'yar nan?" in ji Hawa.

"Iya, yaya sunansa?"

Wata cikin matan ta kama baki.

"Ba kunya nake ba, mantawa nake," in ji Yakura. "In kika tafi da shi, wallahi kafin wata ya mutu ban san na taɓa haihuwa ba. A ce ba ni da kunya, na yarda. Ku bar min shi."

Hawa ta daɗe tana kallonta, idonta ya kawo ruwa. Amma tsohuwar ba ta iya ƙarya ba.

"Garbai sunansa. Kuma ba zan bar shi ba. Jiya da idona na ga kin bar shi a bakin murhu kin fita. Yanzu yana tafiya. So kike wuta ta cinye shi?"

Gaskiya ce, kuma ta yi ɗaci. Yakura ba ta yi musu ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki, mata suka ce to, ta haƙura. Sai ta fito da ƙunshin zannuwanta a ka.

"Da wannan ƙafar za ki Kelle?" in ji Hawa. "Yaye fa ake, ba rakiya ba!"

"Nonon na hana shi. Ganinsa ne ba zan bari ba."

Hawa ta dubi ɗanta. Aisami ya cika gora da ruwa ya rataya wa matarsa, ya miƙa mata sandarsa.

Suka fita daga gari, jaki a gaba, Yakura a baya, ƙafarta tana zana layi a rairayi. Rana ta ɗaga, duwatsun Gure suka koma baya. Hawa ta yi ta yi da ita ta hau, ta ƙi, don in ta hau yaron zai nemi nono. Can sai Yakura ta tsaya, ta duba gabas ta duba yamma.

"Iya, ina za mu?"

"Kelle."

"Me za mu yi a can?"

Hawa ta ɗaga yaron daga cinyarta, ta aza haɓarsa a kafaɗarta, fuskarsa ta koma baya. Yakura ta dube shi, ta gyara ƙunshinta, ta dafa sanda. Inda za su ya riga ya sake ɓace mata, amma ta san wanda take bi.