Ƙusa Mai Hula a Sitiyarin Baba

…kuma wai wannan shi ake kira gyara. Roba a kan waya, waya a kan tsumma, sannan a lafta giris don kada ido ya gani. Tir. Yaya Badaru, da kana nan ka ga abin da nake ɓarewa daga sandar sitiyarin nan, da ka tofar da yawu. Amma ba ka nan. Kana kwance a asibiti a Birnin Kudu, ƙafarka ta dama a naɗe, likita ya ce a jira Alhamis a gani ko za ta tsira, ko kuwa za a —

A'a. Ba da bakina ba. Filaya… ina na ajiye filayar?

Yau kwana uku da taraktar Baba ta daina jin sitiyari a hanyar gona. Kana murza shi hagu tana bin dama, har ta kife da kai a lambatun bakin kwalbati. Mutum goma sha biyu suka ɗaga ta kafin a zaro ka. Ga ta yanzu a gindin darbejiya, ni kuma a ƙarƙashinta, bayana a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsatsa na zubo min a ido. Tsohuwar banza. Ta girme ni, ta girme ka, kuma warinta bai canza ba tun muna yara, ƙonannen mai da fitsarin ɓera.

Tsautsayi ne, in ji mutanen Sundimina. Duk wanda ya shigo jaje abin da yake faɗa ke nan, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ji, na yarda. Amma tsautsayi yana riƙe sifana? Yana yanka robar taya? Mutum ne ya yi wannan ƙazantar da yatsunsa, ya wanke hannu, ya je ya ci tuwo.

Inna ce kaɗai ba ta ce tsautsayi ba. Ta kama hannun rigata a ƙofar ɗakin da kake, ta ce, "Ƙasimu, kai ne ka san ƙarfe. Ka buɗe ta, ka faɗa min hannun wa ne." Na ce to. Na ce kafin la'asar ɗin yau. Ga ta can a tsakar gida, ina jin tarinta ta katanga, tun jiya ko koko ba ta sha ba.

Ai na ma san sunan da zan kai mata. Aminullahi, bakaniken nan na Gwaram. Haƙora jajur da goro, guduma ɗaya ce maganin kowace cuta a wurinsa, ya doka, ya doka, ya ce an gama, kai ta har Kano. Ranar kasuwa zan je in zube masa tarkacen nan a gaban rumfarsa, jama'a na kallo. Allah wadai.

Wannan robar ta sama tasa ce, ta bara. Baƙa, ta tayar babur, ta narke tana manne min a farce. Ƙarƙashinta waya… wayar shanya ce ma. Wannan kuma murɗinka ne, Yaya, na san shi, sau uku sannan ka lanƙwasa bakin. Har da kai? Ƙarƙashin wayar kuma tsumma, ya bushe da giris ya zama kamar ƙirgi. Shuɗi ne a da. Rigar Baba ce ta zuwa gona, Allah ya jiƙansa. Har da shi.

Gidanmu ke nan. Ba ma canza abu, sai dai mu ɗaure shi. Ƙyauren zaure a ɗaure, kunnen bokiti a ɗaure, rediyon Baba sai da ya mutu da roba a ƙugu. A ɗaure yau, gobe a sayo sabo. Goben nan ban taɓa ganin ranar da ta waye ba. Ƙyama nake ji, wallahi, ƙyamar mu duka.

Ga sabon kan sandar da na sayo a Kano, yana ƙyalli a leda. Ga notinsa. Ga kuma ɗan fin ɗin da ake zurawa ta cikin notin a buɗe masa ƙafa don kada ya kwance. Bai fi tsinken sakace ba. Ɗan wannan abin ne ke riƙe da mutum da tarakta da iyalinsa.

To, tsaya. Robobin nan mummuna ne, amma ba su suka saki ba, ga su nan daram, ƙarar ƙarfe kawai aka ɗaure su su hana. Notin ne ya fita. Noti kuwa ba ya fita sai in fin… bari in duba ramin. Akwai guntun abu a ciki, ya karye. Guduma. A hankali. Ya faɗo min a ƙirji.

Wannan ba fin ba ne.

Ƙusa. Wane jahilin ne zai sa ƙusa a sitiyari? Ƙusa da ruwa ke ci, damina ɗaya, biyu — wane mara tsoron Allah… ga ma kanta nan, ya maƙale a busasshen giris. Mai hula ce, ta rufin kwano. In goge ta da babban yatsa. Kore.

Kore.

Rufi ɗaya ne a gidan nan mai ƙusa koriya. Ni na zaɓe su a Gwaram, kana yi min dariya, wai ango har ƙusarsa sai ta yi kwalliya. Ɗakin amaryata Munawwara. Wata Alhamis ce, ɗaurin aurena Asabar, ga gona ba a gama haro ba, fin ɗin notin nan ya faɗa cikin kunyar gona, na tona na tona ban gan shi ba… aljihuna cike da ragowar ƙusa. Baba na tsaye a kaina da carbi. "Ranar kasuwa ka sayo na gaske." To, Baba. Na ce to.

Damina tara. Duk wanda ya zo bayana ya ɗaura robarsa bai leƙa notin ba. Don me zai leƙa? Ƙasimu ne ya ɗaure shi, Ƙasimu da ya san ƙarfe.

Yaya… ƙafarka…

An kira la'asar. Tarin ya tsaya. Ina jin takalmin Inna a zaure, tana jan ƙafar hagu yadda ta saba. Sunan Aminullahi na nan a bakina har yanzu, a shirye, ba shi da nauyi ko kaɗan, wa zai musa? In shafa masa giris in wuce, ai gidanmu ke nan.

"Ƙasimu?"

Ƙafafunta kawai nake gani ta ƙarƙashin tarakta. Hular ƙusar na cikin tafina, tana sukar fatata. Hannun ya ƙi buɗuwa…