Majinyacin Kaka Irmiya

Kakana Irmiya ya yi shekara talatin da ɗaya yana fasto kafin ya yi ritaya, ya dawo Bodinga yana noman albasa a bayan gida. Ni Rifkatu, ni ce babbar jikarsa, kuma har ya rasu bai daina kirana "uwargida" ba. Idan na kai masa abinci sai ya leƙa kwanon ya ce, "Uwargida, yau ma kin manta da gishiri? Zan sake ki fa."

Ba mantuwa ba ce. Tun da hawan jini ya kama shi, 'yarsa Gwaggo Rahila, wadda take aikin jinya, ta hana shi gishiri da jan nama. Bai yi musu ba. Sai dai daga wannan watan ya tsiri wata sabuwar hidima. Duk ranar Alhamis zai saka farar taguwarsa, ya rungumi Littafi Mai Tsarki, ya nufi tasha.

"Ina zuwa, Baba?" in ji Gwaggo.

"Wajen garin Shagari. Akwai majinyacin da nake dubawa."

Wa zai hana tsohon fasto duba mara lafiya? Shekara shida ana haka. Majinyacin bai warke ba, bai kuma mutu ba. Har zumuntar mata ta cocinmu ta saka shi cikin addu'arta ta mako-mako. Kaka kuwa in ya dawo, leɓunansa na ƙyalli, sai ya ce tuwon yamma a ba yara, zuciyarsa ta yi nauyi.

Ya rasu da damina, cikin barcin rana. Kwana uku da jana'iza muna zaune a tsakar gida, sai ga wani dattijo dogo, ƙaƙƙarfa, da carbi a hannu, yana janye da rago. Ya yi sallama ya zauna.

"Allah shi ba ku haƙuri," ya ce. "Sunana Mode, daga Shagari. Ni na majinyacin Hwasto."

Gwaggo ta dube shi daga sama har ƙasa. "Baba, me ke damunka?"

"Gwiwa," ya ce, yana shafa ta dama. Can kuma ya koma ta hagu.

Da aka matsa masa sai ya fasa ƙwai. Tare suka yi firamare da Kaka. Shi ciwon suga gare shi, 'yarsa Safinatu ta hana shi shayi mai zaƙi. Don haka duk Alhamis yakan ce a gida zai je gaida wani fasto mara lafiya. A garin Lambara suke haɗuwa, a rumfar wani mai balangu. Kaka ya ci nama da yaji, Mode ya sha shayi, su buga dara har la'asar. In an kira salla, Kaka ne ke tsare masa takalma.

"Amma bai taɓa ƙarya ba," in ji Mode. "Kullum sai ya tambayi gwiwata kahin mu taɓa nama."

Gwaggo ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata, daga nan ta zarce da kuka. Da ta share ido sai ta ɗauko wayarta.

"Ba ni lambar Safinatu."

"Ɗiyata, mutum mara lahiya ina zai riƙe lamba?"

Ni na raka shi tasha. Muna tafe ya ce mini ranar Alhamis da ta wuce ya je Lambara, ya jera 'ya'yan dara, ya zauna har rana ta yi sanyi, sannan wani direban Bodinga ya gaya masa labarin rasuwar. Ya ja bakin rawaninsa ya goge fuska. Da mota ta zo kuwa, kafin in miƙa hannu in taimaka masa har ya haye, ya zauna gaba.