Ranar Aikin Mamansu

Mai walda ya tsuguna a barandar asibiti yana ɗaure wa Auta igiyar takalmi, 'yarsa ta fari na tsaye rungume da kular abinci. Sau uku ke nan ana sa ranar yi wa mamansu aiki a ciki, sau uku ana ɗagewa. Jiya da ya riƙe wuyan hannun matar tasa, bai fi kaurin rodin taga ba.

"Yau ba roƙo na zo yi ba," in ji shi. "Haƙƙinmu na zo nema."

"Baba, ba duk ɗaya ba ne?" yarinyar ta tambaya.

"Ina! In kika ga alewa a hannun wani kika ce sam mini, roƙo ke nan. Ya ba ki, ki gode. Ya hana, ki haɗiye yawu. Amma in ƙafarki ya taka, babu zancen don Allah. Ki dube shi ido cikin ido, ki ce ɗaga."

"In ƙato ne fa?" in ji Auta.

"Ko giwa ce. Ƙafar ai ba tata ba ce."

Ya bar su a kan benci ya shiga ofishin da ake ba da rana. Akawun bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Malam, a leƙo mako mai zuwa."

Mai walda ya buga tebur da tafin hannu har fayiloli suka zube. "Ka rubuta mini rana yanzu! Matata ce ke narkewa a can, ba kyandir ba!"

Masu gadi biyu suka cicciɓo shi, suka wuce da shi ta gaban 'ya'yansa, rigarsa ta yage a hammata. A bakin ƙofa babbansu ya nuna shi da kulki. "In na sake ganin ƙeyarka a ciki, sai ofishin 'yan sanda."

Yaran suka biyo shi waje. Auta ya ja masa wando. "Baba, sun ɗaga?"

 Mai walda ya tura yarinyar ta kai wa mamansu abincin, ya tsaya a rana. Da ta dawo ya karɓi kular, ya ji nauyinta bai ragu ba.

"Ba ta ci ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Ta jiyo muryarka daga gado. Wai mijin matar da ke kusa da ita ma haka ya yi, aka mayar da sunanta ƙarshen layi. Ta ce don girman Allah ka je ka ba su haƙuri."

Ya daɗe yana kallon babban mai gadin, wanda ya koma kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kama hannun ƙaninki," ya ce. "Ku je gindin bishiyar can ku ƙirga mini motoci. Kada wanda ya waiwayo."

Sai da ya ga sun ba shi baya, sannan ya cire hularsa ya nufi ƙofar.