Bangon da Ke Fuskantar Teku

Inna ta rasu a watan Janairu, a ɗakin wanka. Ta tashi daga gaban murhun kananzir, ta bi ta baranda inda ko ruwa ka ajiye sai ya daskare, ta tuɓe cikin sanyi, ta shiga ruwan zafi, zuciyarta ta tsaya. Likita ya ce duk shekara haka yake gani a tsofaffin gidajen gaɓar Akita.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. Ina Sendai ina zuba abinci a kwali a shagon da nake aiki, amma hankalina yana wajen Baba. Shekararsa tamanin da uku, masunci ne da ya ajiye taru, kuma shi kaɗai ya rage a gidan da kakanmu ya gina. Bangon gidan falankan itacen sugi ne da iskar gishiri ta baƙanta, cikinsu yaɓen laka a kan gora, lakar ma ta tsattsage. In iska ta taso daga teku, labule yakan yi rawa ko da taga a rufe take.

Na kira yayana Masaru a Tokyo, na ce ina so a cusa wa bangon audugar tare sanyi, a sake masa sutura ta kwano kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

"Sachie, kina son wahala," in ji shi. "Gidan da ya girmi kowa? A nema wa Baba gurbi a gidan tsofaffi kawai."

"To Yaya, ɗauki waya ka gaya masa da bakinka."

Bai kira shi ba. Ya dai turo nasa kason.

Kafintan garinmu Kagaya Tetsuji ne, ajinmu ɗaya da shi tun firamare. Ya yi mini alkawarin Yuli. Yuli ta wuce, Agusta ta bi ta. Kullum na kira sai in ji ƙarar guduma a bayansa, yana cewa rufin wance ne ke yoyo. Sai ƙarshen Oktoba ya kafa ƙarafunan hawa a jikin gidan, lokacin har duwatsu sun fara farin kai. Na ɗauki hutu na taho.

"Ke har yanzu ba ki iya tsayawa wuri ɗaya ba?" ya ce da ya gan ni ina zagaye gidan. "Haka kike tun muna aji. Malam ya gaji da ce miki zauna."

"Kai kuma har yanzu makara kake yi. Da kai aka aika ɗauko ungozoma, sai dai ka tarar yaron ya yi aure."

Ya yi dariya, ya miƙa mini safar hannu. "Tunda kin ƙi zama, kwashe falankan nan."

Baba bai hana aikin ba, bai kuma yarda da shi ba. Na roƙe shi ya koma gidan maƙwabciyarmu, tsohuwa Kinu, har a gama. Ya ce shi ba kyanwa ba ne da za a kai ajiya. Ya jawo kujera tsakar gida, ya zauna, ya tashi, ya leƙa nan, ya taɓa can. Duk falankin da aka ɓamɓare sai ya ɗauka ya juya shi, ya cire ƙusoshin da suka yi tsatsa ya zuba a aljihu. Da aka sauke kwanon sabon bango daga mota, mai ruwan toka, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Tetsuji."

"Na'am, Baba."

"Gwangwanin kifi za ka mayar mini da gida? To in ka gama ka zuba mai, ka rufe ni a ciki."

"Ai kifin gwangwani ba ya lalacewa da wuri, Baba. Shi ya sa."

Baba ya yi tsaki, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Bango uku suka tafi lami lafiya. Tetsuji da abokin aikinsa su ɓamɓare falankai, su cusa audugar tsakanin ginshiƙai, su shimfiɗa farar takardar da ke hana ruwa shiga, su buga sanduna, su jera kwano. Audugar nan ta gilashi ce, in ta taɓa fata sai ƙaiƙayi, na yini ina susa. Ni ce mai shayi, ni ce mai shara, ni ce kuma mai duba hasashen yanayi a waya har Tetsuji ya ce in ajiye ta kafin in huda gilashin da ido.

Saura bangon yamma, mai fuskantar teku. Da suka ɓamɓare falankan ƙasa sai na ji gudumar ta yi shiru. Tetsuji ya durƙusa, ya soka sukudireba a jikin katakon tushe, wanda ginshiƙan bangon duka suke tsaye a kansa. Ta shige kamar a cikin dafaffen dankali. Ya damƙo, katakon ya marmashe a hannunsa.

"Daga kusurwa zuwa kusurwa," ya ce. "Ban san me ke riƙe da gefen nan ba. Wataƙila sabo ne."

"To a canza mana."

"Da me? Mai kauri da tsawo irin wannan sai an yanko mini." Ya kira masu sayar da katako, ya saurara, ya kashe. "Mako mai zuwa. Wataƙila ma na gaba."

Na riga na san abin da ke waya. Jibi da rana iska mai ƙarfi za ta sauko daga teku, da ruwa. Ga bango a buɗe, haƙarƙarin gida a waje, ɗakin kwanan Baba a bayansa. Tetsuji ya ce zai ɗaure tamfol, ya kafa dogarai, mu yi fatan alheri. Baba yana tsaye a bayanmu yana kallon ruɓaɓɓen katakon.

Washegari da safe na kai masa miyar miso, na tarar shimfiɗarsa a naɗe. Takalminsa na roba ba ya bakin ƙofa.

Na fita ko rigar sanyi ban ɗauka ba. Na je tashar jiragen kamun kifi, mutanen da ke ƙara wa jirage igiya saboda iskar gobe suka ce ba su gan shi ba. Na hau katangar da ke tare igiyar ruwa, na leƙa ƙasa, abin da ban so in leƙa ba. Na haura maƙabarta. A kan kabarin Inna akwai ƙoƙon shayi, na taɓa, da sauran ɗumi. Na sauko a guje na buga ƙofar Kinu.

"Goggo, kin ga Baba?"

"Numfasa tukuna, 'yar nan. Na gan shi da sassafe ya yi wajen tsohuwar rumfarsa, da igiya a kafaɗa."

"Igiya?"

Ban jira amsarta ba.

Rumfar tana can ƙarshen rairayi, inda a da yake ajiye taru. Rabon da in shiga tun ina 'yar makaranta. Tun daga nesa na ji nishi. Na banko ƙofar, sai ga Baba ya ɗaura igiya a jikin wani dogon katako, ya ratayo ta a ƙirji, yana ja kamar san huɗa. Ya ture tarkacen shekaru gefe guda, bayan hannunsa yana jini. Katakon ko taku ɗaya bai matsa ba.

Na zauna a kan akwatin kifi, na fara yi masa faɗa ina kuka. Ya bar ni na gama.

"Kin gama? To zo ki kama can."

"Baba, mene ne wannan?"

Ya goge ƙura da hannun riga, katakon ya fito rawaya, wani ƙamshi ya tashi. "Itacen hiba ne. Daga Aomori na sa aka kawo mini, shekarar da aka haifi yayanki. Ƙashin bayan jirgi ne. Na ce in ya girma mu sassaƙa tare." Ya kwance igiyar daga ƙirjinsa. "Kafin ya girma kowa ya koma jirgin roba. Shi kuma ya ce warin kifi yana sa shi amai."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Uwarki ta sani. Takan ce in sayar, in saya mata injin wanki." Ya dube ni. "Ruwa ba ya cin hiba. Kira wancan makararren."

Tetsuji ya zo da motarsa. Ya auna, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya dubi Baba.

"Baba, ka tabbata? In na sa zarto, an gama."

"Ni dai ka yanka daidai. Na san ubanka, shi ma hannunsa yakan karkace."

Yinin ranar suka yi suna sassaƙa ramukan da ginshiƙai za su zauna. Ranar iskar tun da safe suka jera jak a ƙarƙashin bangon, suna ɗagawa kaɗan-kaɗan. Gidan yana kuka kamar tsohon da aka tasa daga barci, kwanuka suna kaɗawa a kicin. Teku ta yi baƙi. Suna zare ruɓaɓɓen, iska ta fara kaɗa tamfol. Kafin su tura sabon, ruwa ya tsuge, a kwance yake zuwa ba a tsaye ba. Igiyar kusurwa ta tsinke, tamfol ya tashi sama yana bulala.

Na kama gefe ɗaya, yana neman ya tafi da ni. Sai na ji wani ya riƙe ƙuguna. Kinu ce, da hular ruwa. A bayanta tsofaffi uku daga tashar jirage, babu wanda bai haura saba'in ba. Suka damƙe tamfol kamar taru ne ya cika, Baba yana tsakiya yana ba da umarni da wata murya da ban ji ba tun ina yarinya.

"Ja! Kai, ba da baki ake ja ba! Sachie, sa ƙafa ki take!"

Tetsuji yana kwance cikin taɓo yana dukan katakon da babbar guduma. Katakon ya shiga. Suka sassauta jak, ginshiƙai suka sauka cikin ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙunshin auduga biyu sun jiƙe sun tashi daga aiki, tabarmar ɗakin Baba ma haka. Muka taru a kicin muna ɗigar ruwa, Kinu ta ɗora tukunya, tsofaffin suna gardamar wanda ya fi ja.

Da yamma na kira Masaru na ba shi labarin katakon.

"Ya ce da ni zai sassaƙa?"

"Haka ya ce."

"Ba ni shi."

Na miƙa wa Baba wayar. Abin da na ji kawai shi ne, "Eh. Eh. A'a, ba a ɓata shi ba. To." Ya miƙo mini ya tafi wanke hannu.

An gama bangon ana saura kaɗan dusar ƙanƙarar farko ta sauko. Na zauna mako guda in ga yadda gidan zai yi. Baranda ta daina cizon ƙafa, ɗakin wanka ya zama ɗaki. Baba kuwa sai ƙorafi. Ya ce gidan ya kurmance, ba ya jin teku, bai san ko iska daga ina take ba. Sau da yawa nakan same shi ya buɗe taga yana saurare, murhu yana ci a banza. In rufe, ya buɗe.

Ranar da zan koma Sendai, ina haɗa jaka, aka buga ƙofa. Kinu ce da saƙarta, ta ce gidanta ya yi sanyi, za ta ɗan zauna. Ba a jima ba biyu daga cikin tsofaffin nan suka shigo da kifin hatahata a leda, wai sun zo duba aikin Tetsuji. Suka tuɓe rigunan sanyi, suka baje. Babu alamar mai niyyar tashi.

Baba ya biyo ni bakin ƙofa yana gunaguni. "Kin ga abin da kika jawo mini? Garin nan kaf zai ƙare mini ganyen shayi."

"In aiko maka da wani?"

"Aiko babba. Ki tafi, kada jirgin ƙasa ya bar ki."

Na isa tasha da sauran lokaci mai yawa. Na zauna a benci, na tashi, na je na duba allon jirage, na dawo. Sai na tuna ban nuna wa Kinu inda ake kashe murhun ba, na laluba aljihu ina neman waya.