Nonon Hajjo

Hajjo ta fizge jaririn daga ƙirjin 'yarta Sakinatu, bakinsa duk nono.

"Inna! Mi ya yi miki?"

"Ba shi ƙara sha. A sawo mishi madarar gwangwani."

Yaro ya tsanyare da kuka. A ɗakin da ke fuskantarsu Ƙasimu mai hatsi yana kwance, babban ɗan Hajjo, mutumin da duk unguwar Ƙofar Atiku an san dariyarsa. Ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun koma ruwan ɗorawa. Motar Fijo da ya saya tun shekarar ƙarin albashin Udoji tana ƙofar gida, kaji sun mai da ƙarƙashinta makwanci.

Jiya aka sallamo shi daga asibiti: ciwon daji ne a hanta, sai addu'a. Kafin su fito likita ya tambaya ko wani a dangi ya taɓa yin irinsa, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Hajjo ta shiga lissafi a ranta. Dangin uban duk tsufa ya kashe su. Amma mahaifiyarta da wannan cikin ta tafi, haka ƙanen Hajjo, Malami. To, uwa me take ɗura wa ɗa in ba nono ba? Ta ba Ƙasimu, ta ba Sakinatu, yanzu ga shi yana gangarawa cikin jikanta.

"Inna," Ƙasimu ya kira, murya a dishe. Ta leƙa da yaron a kafaɗa.

"Ba ta ɗanta. Ku bar mutum shi yi jinya cikin natsuwa."

"Ni na ba ka abin ga, Ƙasimu."

"Likita ya ce nono?"

"Bai ce ba shi ba ne."

Ya yi dariya har ta koma tari. "Nonon ga da kike zargi, shi na sha nike aza buhun gero ga kai. Ke ma shi kika sha, ga ki nan da ƙarfin ƙwace ɗiyan mutane."

Ta juyo daga ƙofar ɗakin. Sannan ta miƙa yaron, ba ta dubi Sakinatu ba.

Bayan la'asar Ƙasimu ya cika.

Mata suka cika tsakar gida, ana ta salati. Sakinatu na gefen randa tana shayarwa, hawaye na ɗiga a kan yaron. Hajjo ta matso, ta sa ɗan yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa, ta karkata shi wajen haske. Fari fat.

Ta saki. Can kuma ta sake ja.