Noman Haggai a Ruwan Gishiri

Ɗanmu Ishaya sojan ruwa ne. Da ya rasu a Legas, abokinsa Aaron ya kawo mana kayansa Zuru, har da akwatin gilashin da yake kiwon murjani, wata halittar teku mai rai, a ciki. Ya haɗa shi da sola, ya koya wa mijina Haggai dama ruwan gishirin.

A kan dutsen da ke ciki akwai murjani mai tauri, shuɗi, mai rassa kamar ƙahon barewa. Ishaya ne ya rene shi tun yana ɗan mitsitsi. A gefe kuma ga wani mai laushi, ruwan ƙasa, yana buɗewa yana rufewa kamar hannun jariri.

"Baba, ku riƙa rage mai laushin nan," in ji Aaron. "In ya samu sake, zai rufe na Ishaya."

Bayan ya tafi, Haggai ya yi tsaki. Mutumin da ya yi wa mahaifina golmo, noman neman aure, kafin a ba shi ni, shi za a koya wa cire ciyawa?

Ya samo reza ya shiga kankare mai laushin. Abin da ya kankaro kuma sai ya tara a gindin shuɗin, yadda ake yi wa dawa. Na ce masa teku ba gonarsa ta ƙauyen Manga ba ce.

"Taki na, Theresa," ya ce. "Mi kika sani?"

Na ƙyale shi. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Kafin damina ta fita, duk guntun da ya tara ya kama ya tsiro, ya hau rassan. Muka nuna wa Aaron ta waya.

"Baba, sai dai a fito da dutsen a shanya. Amma na Ishaya ma ba zai rayu ba."

Haggai ya zauna a ƙasa. "Ashe tohwa ta," ya ce a hankali. Tofa, wadda ko guntun saiwarta ka bari sai ta dawo.

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har cikin raina. Yanzu kullum da safe yana kankara, ni ina riƙe da kwano, mu zubar can bayan gida. Reshe ɗaya ne ya rage, shi ma jiya ya yi fari fat, alamar mutuwa.

Idon Haggai ya yi rauni, ba ya gani sosai yanzu. Ya kafa goshi a jikin gilashin.

"Har yanzu shuɗi na, ko?"

Na ce masa shuɗi ne, na miƙa masa rezar.